Baƙin Ramin da Ba Mu Auna Ba

Asabar ɗin da ta wuce, da na leƙo ajinku na ƙarin darasi a nan bayan masallaci, wata daga cikinku ta ce, "Anti Sa'a, ke kam kin huta. Ki zauna ki yi ta kallon taurari, wai shi ne aiki." Kuka yi dariya, ni ma na yi. To amma tunda da yawanku kun ce irin aikina kuke so, gara ku ji yadda yake tun kafin wani ya zaɓe shi a jami'a.

Da farko dai, ba na kallon taurari. A nan unguwarmu ta Maamobi wa ke ganin taurari, ga fitilu ga hayaƙin motoci? Aikina awo ne. Taurari a garke-garke suke, kowane garke ana kiransa galaksi, kuma ranarmu tana cikin ɗaya daga ciki. A tsakiyar manyan garkunan akwai abin da ake kira baƙin rami, wato wurin da nauyi ya taru ya cunkushe har haske ma idan ya faɗa ciki ba ya fitowa. Wani ya ninka rana nauyi sau miliyoyi, wani ya wuce haka nesa. Irin galaksin da ni nake bi su ne masu ƙara a rediyo. Daga gefen raminsu wani feshi yake fita ta fuska biyu, kamar ruwan famfon da ya fashe a bakin titi, ya yi ta tafiya har ya bar galaksin a baya. Ido ba ya ganin feshin sosai, amma na'urar rediyo tana jin sa sarai.

To yaya za a auna abin da ba a gani? Sai a dubi abin da ke kewaya shi. Akwai gas mai sanyi da ke juyawa a kusa da ramin, shimfiɗe kamar faifai. In jan ramin yana da ƙarfi, gas ɗin zai yi gudu. In ba shi da ƙarfi, zai tafi a hankali. Idan kika san gudunsa, kika san nisansa da tsakiya, lissafin da kuke yi a aji zai ba ki nauyin ramin. Shi kuwa gudun, kun riga kun san yadda ake gane shi ko da ba ku sani ba. Ku tsaya a bakin babban titin Nima ku saurari babur: yana tahowa kukansa siriri ne, da ya wuce sai kukan ya yi kauri. Haka saƙon gas yake. Gefen faifan da ke nufo mu muryarsa ta ɗan hau, gefen da ke barin mu ta ɗan sauka. A kwamfuta mukan shafa wa mai zuwa shuɗi, mai tafiya ja.

Gas ɗin da nake bi ma ba baƙo ba ne a gare ku. Shi ne wanda gawayi ke fitarwa idan an rufe ɗaki da murhu a ciki, wanda iyayenku ke jan kunnenku a kansa. Mma, mahaifiyata, Allah ya jiƙan ta, tana sayar da wake a bakin lungunmu, kuma duk wanda ya tambaye ta sai ta ce 'yarta aikin gas take yi. Wata shekara da gas ɗin girki ya yi wuya a gari, na dawo gida na tarar da silinda jere a ƙofar ɗakina.

"Sa'a," in ji Mma, "Hajiya Memuna ya ce nashi ya ƙare tun jiya. Ki duba mishi mana, ku ne a wurin."

Na ce, "Mma, gas ɗina yana da nisa."

Ta ce, "Tema ne, can inda jirage ke sauke gas?"

Na ce ya ɗan wuce Tema.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shara ce. Na riga na gama karatun kimiyyar lissafi da haske, na yi shekaru ina koyarwa a sakandare, sannan na samu damar zuwa koyon aiki a wata cibiya a can kudancin nahiyar nan. Wadda aka haɗa ni da ita tsohuwa ce 'yar Indiya, Dakta Mira, mai farin gashi da tabarau a rataye a wuya. Na je da zumuɗin ganin galaksi. Sai ta zaunar da ni gaban allon da ba komai a kansa sai ɗigo-ɗigo da layuka, ta ce in cire datti. Saƙon da ke zuwa daga sama rauni gare shi ƙwarai, ya yi tafiyar miliyoyin shekaru kafin ya iso. A hanya kuwa komai na duniya yana tsoma masa baki: tauraron ɗan'adam, jirgin sama, wayar hannu, har tururin ruwan da ke cikin iska. Dole mutum ya bi layi-layi, ya gane wanne ne na sama, wanne ne namu na ƙasa, ya goge namu.

Watanni na yi ina wannan. Idan na kai mata sai ta sa tabarau, ta nuna wuri ɗaya da ƙarshen biro, ta ce, "Wannan fa?" Sai in koma. Wata rana haushi ya sa na goge duk abin da ya yi mini kama da datti, allon ya fito tas. Ta duba ta daɗe, sannan ta ce, "Ya yi kyau. Ina galaksin?" Ashe na share shi tare da dattin. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, muka sake daga farko. A wannan zaman na koyi cewa hannun mai wannan aiki kamar na mai tsince shinkafa ne: ki bar tsakuwa a fasa haƙori, ki cika zubarwa a kwana da yunwa.

Kayan aikina kuwa, mafi yawansu ban taɓa taɓa su da hannuna ba. Kun san babban kwanon nan da ke bayan gari, wanda da na sadarwa ne aka mai da shi na sauraron sama. Yana da nasa amfanin, kuma ina alfahari da shi, amma irin gas ɗina ba ya jin sa. Nawa sai kwanuka masu yawa da aka jera a kan wani tsauni busasshe a Kudancin Amurka, inda iska ba ta da laima. Ba zuwa ake yi ba. Rubutawa ake yi a nemi lokaci, a faɗi galaksin da ake so da dalili, wasu masana su zauna su tace. Masu nema sun fi lokacin yawa nesa ba kusa ba, don haka "a'a" ita ce amsar da aka fi saba ji. Idan an ce "to", ma'aikatan can ne za su juya kwanukan, su turo miki abin da suka ji ta intanet. Abin da ke hannuna ni dai kwamfuta ce, da faifan ajiya, da fanka.

Masu sayen kayanmu su ne sauran masu bincike. Akwai masu son sanin ko girman rami yana tafiya da girman galaksinsa, akwai masu son sanin me ke kunna feshin nan. Duk suna jiran lamba daga hannun irinmu. Idan kika ba su lambar da ba daidai ba, ba za su dawo da ita washegari kamar mai sayen tumatir ba. Za su ɗora gini a kanta, wani ya ɗora a kan nasu, sai bayan shekaru a ga bango ya tsage.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da ta fi kowace wuya.

Bayan na dawo gida na kama aiki a jami'a, akwai wani galaksi da na sa wa ido. Sunansa na hukuma haruffa ne da lambobi, mu kuwa muna ce masa Mai-ɗamara, saboda wani baƙin layin ƙura da ya ratsa cikinsa. Inda ƙura take, gas yana nan. Feshinsa kuma, a tsohuwar taswirar rediyo da kowa ke amfani da ita, ya fita sama da ƙasa, ɗamarar ta gitta shi. Haka ake so: faifai a kwance, feshi a tsaye, kowa da hanyarsa. Na nemi lokaci aka hana ni, na gyara na sake nema aka hana, har dai wata shekara aka ce to.

A lokacin ina da ɗalibi mai neman digirin dakta, Malam Issaka. Ba yaro ba ne. Badagombe ne daga arewa, malamin sakandare, da matarsa da 'ya'ya. Hutun karatu aka ba shi daga makarantarsa, mai ƙayyadadden wa'adi, kuma an gaya masa ba ƙari. Iyalinsa suna can, shi yana nan kusa da mu a Nima a ɗakin wani ɗan'uwansa mai sayar da doya a kasuwar Agbogbloshie. Na ba shi Mai-ɗamara ya zama aikin digirinsa: ya auna ramin, ya rubuta, ya koma gida da takardarsa.

Saƙon ya iso a tsakiyar dumso, lokacin yawan ɗauke wutar nan. Ku ƙanana ne lokacin, amma kun ji labari: wuta ta zo yau, gobe da jibi babu. Abin da za mu sauke daga intanet yana da girma, kuma da wuta ta ɗauke sai ya katse. A ofis ma janareto ba kullum ba. Yayana Awudu, mai gyaran waya a kusa da kasuwar Nima, yana da ƙaramin janareto, sai ya share mana kusurwa a shagonsa. Nan Malam Issaka yake zama tun safe, gwiwarsa na gogar akwatin tsofaffin batura, masu kawo gyara suna miƙa waya ta saman kansa, motocin haya na trotro na ta hon a waje. Yaya Awudu kan leƙo ya ce, "Ticha, yau an ga ramin?" Shi kuma ya ce, "Muna hanya, Alhaji." A haka ya sauke, a haka ya yi shararsa layi-layi, kuma hannunsa ya fi nawa haƙuri.

Ranar da hoton ya fito, ina wurin. Gefe ɗaya shuɗi, gefe ɗaya ja, kuma kusa da tsakiya launin ya yi zafi sosai, alamar gudu mai tsanani. Malam Issaka ya yi lissafi, ya sake, ya juyo da allon wajena. Lambar babba ce. Ramin ya fi abin da ake tsammani ga galaksi mai wannan girma nesa. In ta tabbata, ba digiri kawai ba, sunansa zai shiga bakin duk masu wannan fanni. Yaya Awudu bai fahimci komai ba, amma da ya ga fuskokinmu sai ya aika aka sayo mana sobolo, wato zoɓo, mai sanyi.

Malam Issaka ya shiga rubutu. Babi biyu ya gama, ya kama na uku. Abu ɗaya ne ya rage don cika aiki: tsohuwar taswirar feshin ba ta nuna tsakiya da kyau, kamar hoton da aka ɗauka daga nesa. Na rubuta wa wani abokin aiki a Turai, wanda na ji yana da sabuwar taswira mai kaifi da bai riga ya buga ba, na roƙe shi ya ba mu mu ɗora. Ya turo bayan 'yan makonni.

Malam Issaka ne ya ɗora ta a kan hotonmu. Da azahar ya zo ofishina da kwamfutar a buɗe a hannunsa, ya ajiye a tebur, ya ce, "Madam, ki duba."

Feshin da muka sani a tsaye yake, ashe sai ya yi nisa yake miƙewa. A can ciki, kusa da ramin, a karkace ya fito, ya kutsa kai tsaye cikin gas ɗin. Kuma daidai inda ya bi, nan ne shuɗinmu da janmu suka fi zafi. Wato gas ɗin da muka ga yana gudu ba kewaya ramin yake ba. Feshin ne yake ingiza shi, wani ya nufo mu, wani ya yi gaba. Gudun gaskiya ne, amma ba jan ramin ya haddasa shi ba, don haka ba zai faɗi nauyinsa ba.

Sai ya ce, "Idan na cire wannan yankin, na auna da sauran fa?"

Na ce, "Gwada."

Ya gwada, kwana da kwanaki. Gas ɗin da ya rage yana da nisa da tsakiya, inda nauyin taurari ya rinjayi na ramin. Kowace lamba ka ba kwamfuta sai ta karɓa, ƙarama ko babba. Ya dawo ya zauna a kujerar da ke gabana, ya cire hularsa ya riƙe.

"Madam, taswirar nan ba a buga ta ba. Da ba ki nema ba, da yanzu na gama."

Na ce, "Haka ne."

"Kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya. Da abin da kowa ke da shi na yi aiki."

"Ba wanda zai ce."

Ya daɗe yana juya hular. Sannan ya ce, "Amma ni na gani." Ya mai da hularsa, ya tashi. Washegari ya cire babin nan biyu da rabi daga cikin aikinsa.

Na rubuta wa makarantarsa na nemi a ƙara masa ko zango ɗaya. Shugabar ta amsa da ladabi cewa ba su da wani malamin kimiyya, 'yan ajin ƙarshe kuma jarrabawa na gabansu. Ba ta yi laifi ba. Ranar da zai tafi, ni da Yaya Awudu muka raka shi tashar motar arewa. Kayansa jaka ɗaya ce da buhun doya da ɗan'uwansa ya ba shi, sai faifan ajiyar da ya naɗe cikin tawul. Yaya Awudu ya ce, "Ticha, to ramin fa?" Ya ce, "Yana nan inda yake, Alhaji. Mu ne ba mu isa ba." Ya tafi ba digiri. Ni kuma na rubuta wa masu ba da lokaci cewa awon da na yi alkawari bai yiwu ba, ga dalili. Shekarar da ta biyo na sake nema, ba a ba ni ba.

Wata Asabar, damina ta riga ta wuce, wayata ta yi ƙara ina wanki. Malam Issaka ne. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ya ce, "Madam, ina ta kallon abin nan. Mun ce feshin ya ɓata mana awo. To shi feshin, nawa yake turawa? Gas nawa yake kora, da wane gudu? Wani ya auna wannan a galaksin nan?"

Na ce, "Ba wanda ya auna."

"To ai muna da shi a hannu."

Gaskiyarsa. Tambaya ce da masu bincike suka damu da ita, domin gas mai sanyi shi ne abin da ake ƙera sababbin taurari da shi, kuma shi ne abincin ramin kansa. Idan feshi yana kore shi, to ramin yana hana galaksinsa haihuwa, yana kuma ture kwanon tuwonsa da ƙafarsa. Abin da ya hana mu awo, shi ne kuma abin da ba kowa ke samun gani ƙarara haka ba.

Sai dai wannan sabon aiki ne daga tushe, kuma yanzu ba shi da hutu. Yana koyarwa Litinin zuwa Juma'a, yana duba littattafan yara, Asabar da Lahadi ya buɗe kwamfuta. Intanet ɗin garinsu ba ƙarfi, don haka wani lokaci sai ya ɗauki hoton allon da waya ya turo mini, in zana masa gyara a takarda in ɗauka in mayar. Idan an yi hutun zango ya hau mota ya zo, ya koma kusurwarsa a shagon Yaya Awudu ko da wuta ta daidaita, wai nan kansa ya fi aiki. An haifa masa ɗa a tsakani, mahaifinsa ya rasu a tsakani, akwai zangon da ko layi ɗaya bai rubuta ba. Shekarun da abin ya ci sun ninka waɗanda aka ba shi da farko. Jami'a ta kusa rufe masa ƙofa, na yi ta hawa da sauka a ofisoshi har aka bar shi ya ƙarasa.

Ranar kare aikinsa ya zo da rigar fugu, saƙin mutanensu, sabuwa, mai shuɗi da fari. Cikin masu yi masa tambaya akwai wani farfesa da aka gayyato daga waje, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya yi rayuwarsa yana auna irin waɗannan ramuka. Malam Issaka ya nuna gas ɗin, ya nuna feshin, ya nuna inda suka yi karo da yawan abin da ake korawa. Aka yi masa tambayoyi ya amsa. Daga ƙarshe dattijon ya rufe kundin, ya ɗora hannu a kai, ya ce, "Na karanta duka. Shafi na farko ya ce ka fara ne don ka auna ramin. To, nawa ne nauyinsa?"

Malam Issaka ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ko kintace?"

"Ina da lambar da na taɓa samu. Ba ta ramin ba ce, don haka ba zan faɗe ta a ɗakin nan ba."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, ya ɗauki biro ya sa hannu a takardar da ke gabansa, ya miƙa wa na kusa da shi.

Da muka fito, Yaya Awudu yana jira a ƙarƙashin bishiya, ya rufe shago ya zo. Ya kama hannun Malam Issaka da hannu biyu yana ta "Dakta! Dakta!" har masu wucewa suna juyowa. Na ce wa Malam Issaka ya kwana, gobe a yi ɗan taro a gida, a dafa wani abu. Ya yi godiya, ya ce a yi masa haƙuri. Daga nan tasha ya wuce, da rigar fugun a jikinsa, don ranar Litinin da safe yana da 'yan aji biyu.